Kakar Bagadaza da Kuɗin Goron da Muke Yi wa Yahudawa

Idan Bahaushe ya gamu da mai bin bashi marar tausayi, ko ɗan kasuwa mai tsananin maƙo, sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai Bayahude ne." Mafi yawan masu furta kalmar ba su taɓa haɗa ido da Bayahude ba. A littafi muka san shi, da wa'azi, da labaran rediyo. Ko a tarihinmu, labarinsa ne ya iso mu kafin shi kansa: Shehu Al-Maghili, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi suna tun a Tuwat ta cikin Sahara da yaƙar Yahudawan yankin a ƙarshen ƙarni na 15.

Wannan rubutu da ku nake yi, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, ku da ranku ke ɓaci idan Bature ya ce duk ɗan Nijeriya ɗan damfara ne, ko ɗan Kudu ya ce duk ɗan Arewa Boko Haram ne. Da zarar an ambaci Isra'ila kuwa, sai ku ajiye ma'aunin nan ku ɗauko kuɗin goro: Bayahude dai Bayahude ne, bakinsu ɗaya, nufinsu ɗaya. Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙaryar da ke cutar da Falasɗinawan da ake cewa ana kishinsu. Domin a ga haka, mu shiga gidan wata tsohuwa a Ramat Gan, gabas da Tel Aviv. Ba zan ba ta suna ba, don irinta suna da yawa a wannan gari, kuma tarihinsu a rubuce yake.

An haife ta a Bagadaza wajen 1938. A lokacin Yahudawa sun fi shekara 2,500 a ƙasar Iraƙi, wato sun riga Musulunci isa can da ƙarnoni masu yawa. A farkon ƙarni na 20 sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin. Ministan kuɗi na farko na Iraƙi, Sasson Heskel, Bayahude ne. Ƙungiyar makaɗan gidan rediyon Bagadaza da aka kafa a 1936, wasu 'yan uwa biyu Yahudawa ne suka jagorance ta, Saleh da Dawud al-Kuwaiti. Da Larabci aka yi wa yarinyar nan reno, da shi ta koyi ƙirga, da shi take mafarki har yau.

Tana 'yar shekara uku aka yi tarzomar da ake kira Farhud, ranakun 1 da 2 ga Yuni 1941, inda aka kashe Yahudawa kusan 180 a Bagadaza, aka wawashe gidaje da shaguna. Iyalai da dama maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. A Maris na 1950 gwamnatin Iraƙi ta ba Yahudawa damar fita bisa sharaɗin su ajiye zamansu 'yan ƙasa, bayan shekara guda kuma ta riƙe dukiyoyinsu. Kimanin mutum 120,000 aka kwashe ta jirgin sama zuwa Isra'ila tsakanin 1950 da 1951, kowa da akwatinsa guda.

Wadda ta baro gida mai tsakar gida a bakin kogin Dijla sai ta tsinci kanta a cikin tanti. Da saukarsu aka fesa wa da yawansu maganin ƙwari na DDT, aka zuba su a sansanonin wucin gadi da ake kira ma'abarot. Masu mulkin sabuwar ƙasar Yahudawan Turai ne, daga Folan da Rasha, kuma da yawansu sun ɗauki 'yan uwansu na ƙasashen Larabawa a matsayin ƙauyawan da sai an waye da su. Larabcin da take alfahari da shi ya zama harshen abokin gaba, abin da ake magana da shi ƙasa-ƙasa. Saleh da Dawud, waɗanda sarkin Iraƙi ke sauraro, sun ƙare da ɗan shagon kayan gida a unguwar talakawa ta Hatikva. Sai a 2011 jikan Dawud, mawaƙi Dudu Tassa, ya sake fito da waƙoƙin kakansa ga matasan da ba sa jin Larabci.

To, ina bakin nan ɗaya? A 1959 Yahudawan Maroko suka yi bore a unguwar Wadi Salib ta Haifa bayan ɗan sanda ya harbi ɗayansu. A 1971 samarin unguwar Musrara a Birnin Ƙudus suka kafa ƙungiyar Black Panthers, suna zargin gwamnatin Golda Meir da wariya. A 1977 ƙuri'un irin su kakar nan ne suka taimaka wajen kayar da jam'iyyar Labour da magabatanta bayan shekara 29 suna mulki, suka ɗora Menachem Begin na Likud. Begin kansa daga gabashin Turai ya fito, amma ya iya yi musu magana da girmamawa, kuma wanda aka daɗe ana rainawa ba ya manta wanda ya fara miƙa masa hannu.

A nan dole in faɗi abin da ba zai yi wa masu neman labari mai daɗi daɗi ba. Kakar nan da ke sauraron Ummu Kulsum, wadda ta shafe shekaru tana jiran fim ɗin Masar da talabijin ɗin Isra'ila ke nunawa kowace Juma'a da yamma, mai yiwuwa ne ƙwarai Likud take zaɓa har gobe. Yahudawan da suka fito daga ƙasashen Larabawa su ne ginshiƙin Likud da jam'iyyar addini ta Shas, wadda aka kafa a 1984 a ƙarƙashin inuwar malami Ovadia Yosef, shi ma haifaffen Bagadaza. Idan ka tambaye ta, za ta ce ta san Larabawa fiye da 'yan bokon Tel Aviv, domin ta ga Farhud. Ra'ayinta na iya zama kuskure, kuma ni a ganina kuskure ne, amma daga raunin da ta ji ya tsiro, kuma mai son ya yi jayayya da shi sai ya san tushensa.

Yanzu mu dubi teburinta na daren Asabar, inda take ajiye tebit, kazar nan da shinkafa da ke kwana a kan wuta domin ba a kunna wuta ranar hutu, da kubba, da amba ta mangwaro. Jikanta na fari ya koma cikin masu tsananin riƙo da addini da ake kira Haredi, ba ya ma cin girkinta sai ya tabbatar da tsarkin tukunyar. Ba ya shiga soja, bisa rangwamen da Ben-Gurion ya fara yi wa ɗalibai kusan 400 a 1948, wanda kotun ƙoli ta yanke a Yuni na 2024 cewa ba shi da madogara a doka. Ƙanwarsa ta yi aikin soja, tana kuma ganinsa a matsayin mai cin gumin wasu. Wani jikan ya shafe dararen Asabar na 2023 a titin Kaplan yana zanga-zangar adawa da shirin Netanyahu na rage ƙarfin kotuna. Wani kuma ya so auren yarinyar da iyayenta suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet, sai hukumar malaman addini ta ce ba Bayahudiya ba ce tunda mahaifiyarta ba Bayahudiya ba ce. Da yake babu auren kotu a Isra'ila, sai da suka tafi tsibirin Kubrus aka ɗaura. Mutanen da ba su daidaita a kan wane ne Bayahude ba, su ne muke cewa sun haɗa baki suna juya duniya.

Za a ce da ni: wannan duk wanke laifi ne, ga Gaza can a rushe. Ban zo wanke kowa ba. An kashe dubun-dubatar Falasɗinawa a Zirin Gaza tun Oktoba na 2023, mata da yara da yawa a cikinsu. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant a Nuwamba na 2024. Mafi yawan Yahudawan Isra'ila sun goyi bayan yaƙin, musamman a watanninsa na farko. Tarihin kakar ma bai kuɓuta ba: gidajen Wadi Salib da na Musrara da aka cusa baƙin Yahudawa a ciki, gidajen Falasɗinawa ne daga cikin sama da 700,000 da aka raba da muhallinsu a 1948. Dokar Komowa ta 1950, bayan gyaran 1970, ta ba duk wanda kakansa ɗaya Bayahude ne damar zama ɗan ƙasa ko daga ina ya fito, alhali jikan tsohuwar da ke riƙe da makullin gidanta na Haifa a sansanin gudun hijira a Labanan ba shi da wannan dama. Wannan zalunci ne, kuma yana da masu aikata shi da sunayensu da ofisoshinsu.

Abin da kuɗin goro ke yi shi ne ya shafe waɗannan sunaye. Idan ka ce "Yahudawa sun yi", ka sauke nauyi daga kan Netanyahu da Ben-Gvir da Smotrich da 'yan kama-wuri-zauna na Yammacin Kogin Jodan, ka raba shi ga mutum miliyan 15 da ɗoriya, waɗanda fiye da rabinsu ba a Isra'ila suke zaune ba. Ka kuma ba Netanyahu babbar kyautar da yake nema, domin da'awarsa kullum ita ce shi ne bakin dukkan Yahudawa, kuma duk mai sukarsa ƙiyayyar Yahudawa ce ke damunsa. Kowane saƙon WhatsApp da ke cewa Yahudawa ne suka ƙirƙiro kowace annoba da kowane yaƙi, hujja ce da aka miƙa masa a kan faranti. Lauyoyin Afirka ta Kudu da suka kai ƙara Kotun Duniya a Disamba na 2023 sun san haka, shi ya sa gwamnati suka tuhuma, da kalaman ministocinta da ayyukan sojojinta, ba su tuhumi wani addini ba.

Kuɗin goro yana kuma makantar da mu daga ganin shaidu. Ƙungiyar B'Tselem da ta bayyana a 2021 cewa mulkin wariya ake yi tsakanin Kogin Jodan da Bahar Rum, ta Isra'ila ce. Amira Hass ta jaridar Haaretz, wadda ta zauna a Gaza sannan ta koma Ramallah tana rubuta abin da idonta ya gani, 'yar waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin Hitler ce. A cikin kusan mutum 1,200 da aka kashe ranar 7 ga Oktoba akwai Vivian Silver ta ƙauyen Be'eri, kaka mai shekara 74, wadda ke ɗauko marasa lafiya na Gaza a motarta tana kai su asibitocin Isra'ila. Yocheved Lifshitz, mai shekara 85, da aka sake ta bayan makonni biyu a hannun Hamas, sai da ta juya ta riƙe hannun ɗaya daga cikin masu tsaronta ta yi masa sallama. Mijinta Oded bai dawo da rai ba. Wanda ya ce waɗannan da Ben-Gvir duk ɗaya ne, ya zalunce su, kuma ya zalunci hankalin kansa.

Addinin da yawancinmu ke bi ma bai koya mana haka ba. Sanannen abu ne cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. Ya yaƙi waɗanda suka warware alkawari, ya yi ciniki da wanda bai warware ba.

Abin da nake nema a wurin mai ilimi kaɗan ne. Idan za ka yi suka, ka kira gwamnati da sunanta, jam'iyya da sunanta, minista da sunansa. Idan aka turo maka jita-jitar makircin Yahudawan duniya, ka tambayi mai turowar wanne daga cikin jikokin kakar nan yake nufi. Idan ɗanka ya kira marowaci Bayahude, ka gyara masa kamar yadda za ka so a gyara wa ɗan Legas da ke kiran kowane ɗan Arewa da sunan raini. Ita kuwa kakar, wannan Juma'ar ma za ta ɗora tukunyarta kafin faɗuwar rana, ta zauna tana kallon jikokinta suna musu da Ibrananci, tana ƙirga faranti a ranta da Larabcin Bagadaza.