Buda da Tsoron Jin Daɗi

Jama'a, akwai wani zato da ya zauna daram a zukatan mutane, wai mai neman tsarkin zuciya dole ya ƙuntata wa kansa, fuska a murtuke, ciki a ɗame. Ni kuwa ina ganin tarihin Siddhartha Gautama, wanda aka fi sani da Buda, ya rushe wannan zato. Ɗan sarki ne da ya bar fada yana da shekara 29, ya kwashe shekara 6 yana gana wa jikinsa azabar yunwa har ya zama ƙashi da rai, bukata ba ta biya ba. Littattafan mabiyansa na harshen Pali sun ce tunawa da ƙuruciya ce ta sauya masa hanya: wata rana yana zaune a inuwar bishiya, hankalinsa ya tattaru wuri guda, wani sanyin daɗi ya lulluɓe shi wanda babu ruwansa da sha'awa. Sai ya ga babu dalilin tsoron irin wannan daɗi, ya ci abinci, abokan zuhudunsa biyar suka watse suna ganin ya karaya. Wani zai ce ai daɗi tarko ne, ko da na zuci ne. Haka ne, malaman mabiyan Buda ma ba su musa ba. Shi ya sa a matakan nutsuwa huɗu da suke kira jhana, zumuɗi kan gushe a na uku, daɗin kansa a na huɗu, a bar rai a daidaice. Amma fa ta cikin daɗin ake ratsawa kafin a sake shi. Abokan nan biyar kuwa, daga baya su suka fara sauraron wa'azinsa a wani wuri da ake kira Sarnath.