Mai Son Aikin Kula da Sadarwar Kwamfuta, Wace Makaranta Zai Nufa?

Sharhin yau ya shafi matasan da ke shirin cike fom ɗin shiga manyan makarantu, da iyayen da za su biya kuɗin.

Duk wanda ya zauna jarrabawar JAMB daga 2015 zuwa yau, wato tun da hukumar ta yi sallama da fensir da takarda, ya san yadda ɗakin yake. Kwamfutoci 250 jere reras, fanka na kaɗawa, janareto na ruri a bayan gini, kowa ya ƙura wa allonsa ido. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne wani ma'aikaci da ke can gefe, gaban babbar kwamfutar da ake kira saba, wadda duk sauran ke karɓar tambayoyi daga wurinta. Shi ya bi wayoyin ɗakin ɗaya bayan ɗaya tun kafin a buɗe ƙofa. In aikinsa ya tafi daidai, ɗalibai za su gama su watse ba wanda ya san sunansa.

A watan Mayun 2025 Najeriya ta ga abin da ke faruwa idan irin wannan aiki ya sami tangarɗa. Shugaban hukumar JAMB a lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya ce an sami matsala a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, kuma ɗalibai 379,997 za su sake jarrabawa. Asalin abin, wani gyara ne da aka yi wa manhajar jarrabawar, ya hau kan wasu sabobin daidai, wasu kuma bai hau yadda ya kamata ba. Facebook ma ya taɓa shan irin wannan kunya. Ranar 4 ga Oktoban 2021, umarni guda da aka bayar lokacin gyaran yau da kullum ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin kamfanin, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga intanet kusan awa shida, har sai da injiniyoyi suka je inda na'urorin suke da ƙafafunsu. Masu sayar da atamfa da turare ta WhatsApp ba su manta da yammacin wannan Litinin ba.

To wannan ita ce sana'ar. Mai kula da sadarwa shi ke haɗa kwamfutocin banki ko asibiti ko jami'a su yi magana da juna da kuma waje. Mai kula da sabobi shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, ya rufe na wanda aka sallama, ya ajiye kwafin bayanai don ranar da komai zai lalace. A ƙananan ma'aikatu mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun, kuma shi ake bugo wa waya ƙarfe biyun dare idan an ce sabis ya ɗauke.

Rikicin farko da ɗalibi ke karo da shi na suna ne. Mafi yawan yara, in an tambaye su, cewa suke "kwamfuta zan karanta", sai su rubuta kimiyyar kwamfuta a fom. Kwas ne mai kyau, amma rabinsa lissafi ne da nazarin yadda ake tsara manhaja, kuma mai yiwuwa ɗalibi ya yi shekara huɗu darasin sadarwa bai wuce biyu ko uku a ciki ba. Akwai fasahar bayanai, wadda aka fi sani da IT, ita ta fi kusa da aikin yau da kullum na kula da na'urori. Akwai injiniyancin kwamfuta da na sadarwa, shekara biyar, da lantarki da fizis a ciki sosai. A ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fito da sabon tsarin karatu da ya mai da fannin kwamfuta sashe mai zaman kansa, da kwasa-kwasai irin su tsaron intanet da ƙera manhaja da IT kowanne da ƙafarsa, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na manhajar karatun ta cike da abin da ta ga dama. Ma'ana, jami'o'i biyu na iya ba da digiri mai suna iri ɗaya amma abin da ke cikin tukunyar ya sha bamban. Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsangayar kwamfuta da sashen IT a cikinta. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta daɗe da sashen tsaron intanet da na injiniyancin sadarwa. A Ahmadu Bello ta Zariya ɓangaren injiniya ne ya yi fice. Wanda ya nemi jerin darussan kowanne ya karanta, daga aji ɗaya zuwa na ƙarshe, ya ƙirga sau nawa kalmar sadarwa da sunan manhajar Linux suka fito, ya fi wanda ya bi sunan makaranta kawai sanin inda ya dosa.

Sai batun poli, wato kwalejin fasaha, wadda iyaye da yawa ke wa kallon mafakar wanda jami'a ta ƙi. A wannan sana'ar kallon nan bai yi mata adalci ba. A farkon 2024 hukumar kula da poli, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ta raba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki sadarwa ce zalla tare da sarrafa sabobin haya na intanet. Tsarin poli kuma shekara biyu ne na ƙaramar difloma, shekara guda a wurin aiki, sannan a dawo shekara biyu na babba. Shekarar nan ta tsakiya, ga wanda ya sami wuri mai kyau, ta fi darasin allo da yawa amfani. Sai dai a faɗi gaskiya, bambancin da ake nunawa tsakanin mai babbar difloma, wato HND, da mai digiri a aikin gwamnati da wasu manyan kamfanoni bai mutu ba, duk da surutun da aka sha yi a kansa a majalisa. Wanda burinsa ya zama darakta a ma'aikata wata rana, ya sa wannan a lissafi. Wanda kuma ke son hannunsa ya fara kawo kuɗi da wuri, poli ba ta rage shi da komai ba.

Ko jami'a ko poli, abu ɗaya ba a yi masa sassauci, shi ne amincewar hukuma, kuma ta kwas ɗin ake tambaya, don makaranta na iya zama halattacciya alhali wani kwas nata bai sami izini ba. Wanda ya gama irin wannan kwas zai iya neman sunansa a jerin masu bautar ƙasa ya rasa. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024. Masu tallar digirin gaggawa har yanzu suna nan, sun dai sauya salo.

Bayan takardu sun yi daidai, sai a sa takalmi a tafi makarantar, don zuwa da kai ya fi saƙo. Hoton da ke jikin ƙasidar talla kullum ɗaki ne mai sanyi cike da kwamfutoci masu ƙyalli. Ɗakin kwamfutoci daban, ɗakin koyon sadarwa daban. A na biyun ana son a ga na'urorin rarraba hanya, rauta da suwic, a ɗaure cikin akwatin ƙarfe, da tarin wayoyi a bayansu, da filayar matse kan waya da ta sha hannu har fentinta ya goge. Ɗakin da aka tarar tsaf, na'urori lulluɓe da leda, makulli a aljihun wani jami'i da sai an yi baƙi daga Abuja yake buɗewa, wannan ɗakin na nuni ne. Tambayoyin da za a yi ba su da wuya. Ɗalibai nawa ke taruwa kan na'ura ɗaya ranar gwaji? Idan an ɗauke wuta, akwai sola ko inbata, ko kowa tattara littafinsa yake? Ana barin ɗalibi ya shigo bayan an tashi? Kuma ba shugaban sashe ake tambaya ba. Ɗan ajin ƙarshe ake samu a gindin bishiya ko wurin mai shayi, a ce masa ya taɓa haɗa kan waya da hannunsa? Wayar sadarwa ta tagulla silli takwas ne a cikinta, kowane launi da gurbinsa, kuma in tsawonta ya wuce mita 100 saƙo ya fara raunana. Wanda ya yi aikin zai faɗi haka ba tare da ya ɗaga kai sama yana tunani ba. Wanda a allo kawai ya gani zai fara kame-kame, kuma amsarsa ta gaya wa mai tambaya halin da sashen ke ciki.

Malami ma abin dubawa ne. Digirin digirgir yana da daraja a wurinsa, amma a wannan fagen ana son a sami ko da mutum ɗaya a sashen da ya taɓa kwana a ɗakin sabobi yana neman dalilin da ya sa reshen banki ya kasa ganin hedikwata. Irin wannan malamin darasinsa cike yake da labarin ɓarnar da ya taɓa yi da yadda ya gyara, kuma shi ne ke da lambar wayar tsofaffin abokan aiki idan lokacin neman gurbin koyon aiki ya zo.

Masu ɗaukar ma'aikata kuwa, bayan digiri ko difloma, suna tambayar takardun shaida na kamfanoni. Wadda ta fi suna ita ce CCNA ta kamfanin Cisco, jarrabawa ɗaya ta awa biyu, kuɗinta kimanin dala 300, kuma bayan shekara uku sai an sabunta. Da dala ake biya, kowa kuma ya san yadda naira ta koma tun 2023. Shi ya sa yana da muhimmanci a tambaya ko makarantar tana cikin shirin koyarwa na Cisco, wanda aka fara tun 1997, ko na Huawei, wanda jami'o'in Najeriya da dama suka shiga, domin ta nan ake samun darussa kyauta, wani lokaci har da rangwamen kuɗin jarrabawa. A ɓangaren sabobi akwai ta Red Hat, wadda babu zaɓi-ka-cike a cikinta: kwamfuta ake ajiye wa mutum a ce ga ayyuka, yi. Nan ne asirin masu haddar tsofaffin tambayoyi ke tonuwa. Ana samun mai takardar CCNA fes a hannu, a ce masa ya raba rukunin adireshin sadarwa 256 tsakanin ofisoshi huɗu, gumi ya karyo masa. Ga wanda ya riga ya gama wani karatun yake son juyowa, akwai cibiyoyin gajeren horo irin Digital Bridge Institute, wadda hukumar sadarwa ta NCC ta kafa a 2004, kuma tana da reshe a Kano.

Garin da makaranta take shi ma yana da tasiri, saboda watannin koyon aiki na SIWES. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Legas akasarinsu suka sauka, can manyan rumbunan ajiyar bayanai suka taru, sai Abuja ta biyo. Amma Arewa ba fayau take ba. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, tana da mahaɗa a Kano, kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone yana da rumbun bayanai a can, ga asibitocin koyarwa da rassan bankuna da ƙananan kamfanonin da ke ja wa unguwanni faiba. Ɗalibin makarantar da ke nesa da duk waɗannan sai ya shirya tafiya da wurin kwana, in ba haka ba ya ƙare wata shida yana ɗaukar hoton takardu a wani ofis, a sa masa hannu a littafi a ce ya koyi aiki.

Lokaci ma kuɗi ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na 2020 kuma kusan tara. Wannan ne ke tura masu hali jami'o'in kuɗi, inda kalanda ba ta motsi. Tsadar makaranta dai ba ta tabbatar da cewa an cire wa na'urorinta leda ba, don haka ziyarar nan ta shafe su su ma. Ɗalibin jami'ar gwamnati da yajin aiki ya zaunar a gida kuma yana da abin yi. Manhajar Packet Tracer ta Cisco kyauta ce, tana barin mutum ya zana sadarwar kamfani guda a kan allo ya gwada ta. Linux kyauta ne, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu ta isa a ɗora shi, a lalata, a sake ɗorawa.

Ranar ziyarar kuma, kafin a baro harabar makarantar, akwai gini ɗaya da ya kamata a leƙa, wato cibiyar da ke riƙe da intanet ɗin makarantar kanta da shafin da ɗalibai ke rajista a kai. A wasu makarantun ƙofarta a rufe take ga ɗalibai, ɗan kwangila ne daga wani gari ke zuwa in abu ya lalace. A wasu kuwa za a tarar da 'yan aji uku, maza da mata, ɗaya a kan tsani yana jan waya ta cikin silin zuwa sabon ɗakin karatu, ɗaya a ƙasa riƙe da na'urar gwaji tana jiran fitilu takwas su kama ɗaya bayan ɗaya.