Binciken da ke tsallake teku, ya kasa tsallake Gadar Kennedy

Daga Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda zuwa tsakiyar Yamai, inda kwamishariya da kotu suke, tafiyar gada guda ce. Amma ilimin da ake haƙowa a kan aikin ƴan sanda da jandarma ya fi saurin isa Faransa da Amurka bisa ga ƙetare wannan gada. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wadda ke zaune bisa benci tana jiran a saurare ta, ita ke biyan kuɗin wannan jinkiri.

Ba za a ce Nijar ta rasa masu bincike ba. Tun 2001 cibiyar LASDEL take aiki a Yamai, kuma masana irin su Mahaman Tidjani Alou da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun bi ofisoshi, kotuna da asibitoci, sun bayyana tazarar da ke tsakanin dokar da ke rubuce da al'adar da ma'aikaci ke bi a zahiri. A 2020 Bajamushe Mirco Göpfert ya wallafa littafi a kan jandarmomin karkarar Nijar, inda ya nuna yadda kukan da aka kawo da Hausa ke rikiɗa ya koma takardar Faransanci, da yadda ake kashe maganganu da dama ta hanyar sulhu tun ba su kai gaban alƙali ba. An buga littafin a Amurka, da Turanci. Jandarman da aka rubuta labarinsa, da wane harshe zai karanta shi?

Laifin yana ga ma'aunin da jami'a ta ɗauka. Malami na hawa matsayi ne ta hannun hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, wadda ke duba yawan maƙalun da ya fitar da darajar mujallun da suka buga su. Sa'o'in da ya ɓata yana fahimtar da ɗaliban makarantar ƴan sanda, ko yana bayani da Hausa da Zabarmanci a gidan rediyo, nauyinsu kaɗan ne a wannan sikeli. Saboda haka abin da ake kira tasirin bincike ya koma lissafin sau nawa wani masani ya ambaci sunan wani. Masana na yabon juna a tarukan ƙasashen waje, alhali a unguwa magana na ƙarewa yadda ta saba: dattawa su taru, a roƙi uban yarinya ya yi haƙuri, a miƙa ƴan kuɗin magani, a ce an rufa asiri. Wani ma ya ƙara da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, ya ɗora wa ƴar shekara goma sha biyu rabin laifin ƙato. Asirin da aka rufa na mai laifi ne.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Kundin hukunta laifuka da aka yi wa kwaskwarima a 2003 ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga wanda ya yi fyaɗe. Tsakanin wannan aya da ƙofar kurkuku akwai matakai: wanda ya fara karɓar ƙara, takardar likita, fassarar bayanin yarinya, matsin dangi. A kan kowane mataki ƙara na iya mutuwa, kuma nan ne ainihin wurin da bincike ya kamata ya yi amfani. Lamarin ya fi tsanani idan mai kaki ne ake zargi. A 2021, a garin Tera, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta tabbatar da cewa sojojin Cadi na rundunar G5 Sahel sun yi wa mata fyaɗe, cikinsu har da yarinya ƴar shekara 11. Wanda aka turo tsaro shi ya yi ɓarna. Wurin wa za a kai kuka?

Masu kare jami'a za su ce aikin masani ya gano gaskiya, aiwatarwa ta hukuma ce, kuma wanda ya cika kusantar masu iko yakan rasa ƴancin alƙalaminsa. Akwai gaskiya a nan. Sai dai tarihin Yamai kansa ya nuna abin da ke faruwa idan ilimi ya fito daga ɗakin karatu. Ƙungiyar Timidria ta gudanar da bincike a kan bauta a farkon shekarun 2000, ta kuma tsaya bayan Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 aka mai da ita wahaya. Ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Babu wanda ya sayar da alƙalaminsa a wannan shari'a. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, don haka nauyin ya dawo kacokan kan kotunan gida da masu ilimin gida.

Tun Maris 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa bisa kundin sake gina ƙasa. Uzurin harshe ya ƙare. Ya wajaba duk binciken da aka yi a kan ƴan sanda da cin zarafin mata ya fito da taƙaitaccen bayani a harsunan mutanen da aka yi wa tambayoyi, ya shiga manhajar horar da ƴan sanda da jandarma, jami'a kuma ta ƙirga wannan aiki a lokacin ƙarin girma.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ba ƴan kallo ba ne a nan. Malama ce kan fara lura cewa ɗaliba ta daina magana a aji, ko ta daina zuwa gaba ɗaya. Tana da haƙƙin sanin wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa da abin da doka ta ce, tana kuma da haƙƙin tambayar duk mai binciken da ya zo da takardar tambayoyi: yaushe za ka dawo mana da amsa?