Satar Farko: Tambayar da Aka Hana Ni Yi a Kan The Moonstone

A mako na huɗu da fara karatunmu aka kafa mini doka. Mu goma sha wani abu ne, likitoci da lauyoyi da malaman makaranta da 'yan jarida irina. Mun ɗauki littafin Wilkie Collins mai suna The Moonstone, wato Dutsen Wata, muka yanka shi kashi-kashi, kowane mako a karanta kashi guda a zo a tattauna. Laifina shi ne na ce kafin mu ci gaba da canki-cankar wanda ya ɗauke lu'ulu'un daga ɗakin Rachel Verinder, ya kamata mu tsaya mu tambayi yadda aka yi dutsen ya shigo Ingila tun farko. Sai mai jagorantar zaman, mutumin kirki da nake ganin girmansa, ya ce: "Malam, labarin bincike muka zo karantawa, don Allah a ajiye siyasa a bakin ƙofa." Mafi yawa suka goyi bayansa. Na yi shiru a ranar, amma ban gamsu ba, kuma yanzu da muka kai ƙarshen littafin ina da hujjar da zan kafa. Wanda bai karanta ba ya sani tun yanzu cewa zan faɗi sunan ɓarawon. Littafin da ya haura shekara 150 a duniya ba ya da sauran sirrin da za a ɓoye.

Collins ya fitar da labarin ne mako-mako a mujallar Charles Dickens, All the Year Round, daga Janairu zuwa Agustan 1868, kuma masana adabi da dama suna lissafa shi cikin tushen ƙagaggun labaran bincike a Turanci. Abin da kowa ke riƙewa shi ne wannan: a wani gidan masu hali a Yorkshire, ranar 21 ga Yunin 1848, Rachel ta cika shekara 18, aka miƙa mata wani ƙaton lu'ulu'u ruwan ɗorawa da kawunta Kanar John Herncastle ya bar mata a wasiyya. An yi masa ƙimar fam 20,000. Kafin gari ya waye ya ɓace. Daga nan sai Saje Cuff mai son furanni, da fentin ƙofa da aka goga, da rigar barci da aka ɓoye, da sauran abubuwan da suka zama gadon duk wani labarin bincike da ya biyo baya.

Sai dai littafin bai fara a Yorkshire ba. Ya fara ne a Seringapatam da ke kudancin Indiya, ranar 4 ga Mayun 1799, ranar da sojojin Ingila suka fasa ganuwar birnin Sarki Tipu suka kashe shi. Wannan tarihi ne na gaske, kuma wasoson da ya biyo baya ma na gaske ne. Damisar katakon nan ta Tipu, mai danne da sojan Bature, har yau tana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. A cikin wannan hargitsi Collins ya ajiye shafukansa na farko. Wani ɗan'uwan Herncastle ya shiga ma'ajiyar makaman fada, ya tarar da shi riƙe da wuƙa tana ɗigar jini, lu'ulu'un na ƙyalli a ƙotarta, gawarwakin mutum biyu a bakin ƙofa, na uku kuma yana gargarar mutuwa yana tsine masa. Marubucin da ya sa wannan a shafin farko ya riga ya gaya wa mai karatu inda laifi ya faro. Saboda haka da aka ce in ajiye siyasa a bakin ƙofa, abin da aka nema a zahiri shi ne in yage gabatarwar littafin in jefar.

Ga abin da ya fi ba ni haushi. Makonni muka yi muna auna Rosanna Spearman, baiwar Allah mai tawaya a kafaɗa, wadda ta taɓa zaman gidan gyaran hali saboda sata. Muka auna Rachel saboda shirun da ta yi. Muka auna Indiyawan nan uku da suka zo ƙofar gida a matsayin 'yan dabo. Kowa da wanda yake zargi, har ana cacar baki. A duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya ambaci mutumin da aka nuna mana da jini a hannu. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma ba na jin mun yi haka da gangan. Tarkon da Collins ya ɗana wa masu karatunsa na 1868 shi ne ya kama mu. Da zarar dutsen ya shiga wasiyya, lauya ya sa hannu, sai ya zama gado, gado kuwa ba a tambayar asalinsa. Wanda ya ɗauke shi daga aljihun kabad shi ne ɓarawo, wanda ya yi kisa ya ɗauko shi daga wata ƙasa kuma marigayi Kanar ne.

Dubi yadda shari'ar Ingila ta bi da Indiyawan a cikin labarin. Washegarin satar aka kama su a garin Frizinghall. Bincike ya nuna suna masaukinsu a daren, babu yadda za a yi su kasance a gidan. Duk da haka majistare, wanda abokin mahaifiyar Rachel ne, ya tsare su mako guda da sunan gararamba, don kawai a same su a kusa idan an buƙace su. Wanda ya ba mu wannan labari, Gabriel Betteredge, tsohon babban baran gidan mai neman shawara a littafin Robinson Crusoe kamar mai duba, ya faɗe shi cikin raha. Mu ma muka yi dariya muka wuce.

To wa ya ɗauki dutsen? Franklin Blake, saurayin Rachel, mutumin da ya fi kowa zafi wajen neman ɓarawon. Ya daina shan sigari don ya faranta mata, barci ya ƙaurace masa, ya yi gardama da likitan garin, Mista Candy, a kan amfanin magani, shi kuwa likitan ya sa aka zuba masa ruwan ofiyom a abin sha don ya nuna masa iyakarsa. Cikin magagin maganin Blake ya tashi, tsoron kada Indiyawa su shigo su sace dutsen ya cika masa zuciya, ya shiga ɗakin Rachel ya ɗauke shi a kan idonta, gari ya waye bai tuna komai ba. A lura da wannan da kyau: tsoron baƙar fata ne ya sa ɗan gida ya yi satar da ake tsoro. Wanda ya karɓi dutsen daga hannunsa ya riƙe kuwa shi ne Godfrey Ablewhite, mai zaƙin baki, gwanin jawabi a tarukan ƙungiyoyin agaji na mata, wanda a ɓoye ya cinye dukiyar amanar wani yaro. Ya jinginar da lu'ulu'un wurin mai ba da bashi da ruwa, da niyyar ya fanso shi ya kai Amsterdam a farfasa. Da Indiyawan suka cim masa a wani masaukin matuƙan jirgin ruwa a Landan suka kashe shi, Saje Cuff ya zo ya cire masa gemun ƙarya ya goge fuskarsa: ashe ya shafa baƙi ne ya ɓad da kama. Idan marubuci ya sa aka wanke baƙin fenti daga fuskar ɓarawo, farar fatar mai wa'azi ta bayyana, ban san wace irin sanarwa kuma ake jira ya yi ba.

Kuma sai an tuna lokacin da aka rubuta shi kafin a gane nauyinsa. Shekara 11 kacal ke tsakanin littafin da boren Indiya na 1857, lokacin da jaridun Ingila suka cika da kiran ɗaukar fansa. Dickens kansa, mai mujallar, ya rubuta wa wata aminiyarsa wasiƙa a Oktoban shekarar yana cewa da shi ne babban kwamanda a Indiya da ya yi iya ƙoƙarinsa ya shafe al'ummar. A wannan mujalla ta wannan mutum Collins ya kawo Indiyawa uku masu haƙuri da riƙon alkawari, 'yan ajin Brahmin da suka sadaukar da matsayinsu na addini ta hanyar ƙetare teku don su maido da abin da aka ɗora musu amanarsa. Masu karatun 1868 kuma sun san wani dutsen na gaske. Koh-i-Noor ya shiga hannun Ingila ta yarjejeniyar Lahore a 1849, lokacin Maharaja Duleep Singh yana yaro, aka miƙa wa Sarauniya Victoria a 1850, aka baje shi a babban baje kolin Landan na 1851, aka sake yanka shi a 1852 har ya ragu daga karat 186 zuwa kimanin 105. Collins ya ambace shi da kansa a gabatarwarsa cikin duwatsun da suka ba shi tunanin labarin. Mai jagorantar zamanmu yana da wannan gabatarwa a kwafinsa.

Ba ina cewa Collins waliyyi ba ne. Wata lauya a cikinmu ta lura da abin da ya wuce ni: an gina littafin kamar zaman kotu, kowane mai shaida ya rubuta iya abin da ya gani. Betteredge ya rubuta, Miss Clack mai rarraba ƙasidun wa'azi ta rubuta, lauya Bruff da Blake da Ezra Jennings da Cuff duk sun rubuta, har Rosanna an bar mata doguwar wasiƙa bayan mutuwarta. Mutum ukun da suka fi kowa sanin tarihin dutsen ba a ba su babi ko ɗaya ba, ko sunayensu ba mu sani ba. Kullum ta bakin wani Bature ake jin su, ga kuma tsafe-tsafen da aka yaɓa musu, irin zuba tawada a tafin hannun yaro don ganin gaibu. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma ita ce magana mafi amfani da na ji a duk zamanmu. Amma a lura, ba ta fito ba sai a mako na ƙarshe, bayan dokar ta saki da kanta. Da an bi dokar har ƙarshe da ba mu ji ta ba.

Akwai kuma wani gefe da na san bai yi wa wasunmu daɗi ba, ni ma bai yi mini ba. A labarin da Collins ya tsara, jerin waɗanda suka riƙe dutsen da ƙarfin takobi bai fara da Turawa ba. Ya faro ne daga harin Mahmud na Ghazni a kan wurin bautar Somnath a ƙarni na 11, abin da ya sa aka gudu da gunkin zuwa Benares, sannan wani hafsan Aurangzeb ya ƙwace dutsen, ya yi ta sauya hannu har ya isa ƙotar wuƙar Tipu. Wato wanda Herncastle ya yi wa fashi shi ma ba mai kayan ba ne. Wanda ke son ya karanta littafin a matsayin ƙarar da muka shigar da Bature kawai, zai tarar an ambaci sarakunan Musulmi a takardar tuhumar. Ina zargin cewa wannan na cikin abin da ya sa wasu suka fi son a tsaya a kan fentin ƙofa. Amma mutanen da suka iya zama su yi muhawara a kan kasafin kuɗi da shari'ar zaɓe ba su da uzurin gudun shafi uku na ƙagaggen labari.

Hujjar da aka fi kawo mini ita ce ta nishaɗi: mutane sun gaji da aiki, sun zo su huta. Na yarda, kuma littafin yana da abin dariya. Babin Miss Clack kaɗai ya isa. Sai dai idan canke ɓarawo ne kawai amfanin haɗuwa, mutum ɗaya a kan gadonsa ya wadatar, ko ma ya duba shafin ƙarshe ya huta. Ana tara mutum goma a kan littafi ɗaya ne don kowa ya ga abin da ɗan'uwansa bai gani ba. Likitan cikinmu ya nuna mana cewa gwajin da Jennings ya yi, na sake ba Blake maganin bayan shekara guda don ya maimaita abin da ya yi, ba hujja ba ce da za ta tsaya a asibiti ko a kotu, kuma ko a littafin rabinsa ne ya yi nasara, domin Blake ya ɗauki dutsen bogin ya yar a ƙasa ya ɓingire da barci. Babu wanda ya ce masa ya ajiye likitanci a bakin ƙofa. An bar kowa ya shigo da saninsa, sai wanda ya shigo da tarihi. Mu kuwa ba baƙin wannan tarihi ba ne. A 1897 sojojin Ingila suka kwashe tagullan fadar Benin, aka sayar da su, suka shiga gidajen tarihi da wasiyyoyin iyalai, har aka wayi gari mai neman a maido masa kayansa shi ake tambaya ko zai iya adana su. Sai a Disambar 2022 Jamus ta kawo wasu Abuja.

Collins bai rufe littafinsa da auren Blake da Rachel ba, ko da yake an yi auren. Ya rufe shi da wasiƙar matafiyi Murthwaite daga Kathiawar a 1850, inda ya tsaya cikin dubban masu ziyara kusa da Somnath, ya ga an yaye labule, ga dutsen a goshin gunkin wata bayan sama da shekara 800. Mutum ukun kuma aka yanke musu su rabu, kowa ya kama hanyarsa ta yawon tuba har mutuwa, ba za su sake haɗa ido ba. Babu ɗan sandan da ya bi sawun dutsen har can ya ce a dawo da shi, kuma marubucin bai nuna alamar yana so a yi hakan ba.

An riga an zaɓi littafinmu na gaba: The Sign of Four na Arthur Conan Doyle, na 1890, inda Sherlock Holmes ke bin sawun wata dukiya da aka yi kisa aka sace a ganuwar Agra lokacin boren 1857. Na gaya wa mai jagorantar zaman cewa a makon farko zan tayar da maganar Agra, don ya shirya dokarsa tun yanzu.