Injin turbo na tafe, garejojin Kafanchan ba su shirya ba

A Turai ana ta muhawara kan ko tsauraran dokokin hayaƙi za su tilasta wa Porsche 911 GT3, wadda injinta mai lita 4.0 ke shaƙar iska da kansa, ta karɓi turbo, na'urar da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi. Gasar Formula 1 ta koma kanta tun 2014. Direban Kafanchan zai ce rigimar masu hannu da shuni ce, alhali abin da aka yanke can shi ke sauka a kasuwar motocin Beljiyam bayan 'yan shekaru.

Ya ma fara sauka. Honda Accord ta 2018 ta zo da ƙaramin injin turbo mai lita 1.5. Tana tsimin fetur, abin nema tun cire tallafi a 2023, amma ba ta yafe jabun baƙin mai: turbo ya ƙone, gyara ya lashe kuɗin cefanen watanni. Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna kuwa, ko a Kagoro ta mutu, bakanike zai tashe ta da sufana.

Wajibi ne hukumar NADDC ta kai horon injinan zamani garejojin Kudancin Kaduna, SON kuma ta bi masu jabun mai har shagunansu.