Taliyar dare ba ragwanci ba ce, amma a daina cin ta gaya



Yau maganar tukunya za mu yi. Mun san wani zai ce, duk matsalolin da ke cikin ƙasa an rasa abin magana sai taliya? To a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe.

Kwanan baya, a wata majalisa bayan isha'i, muka ji wani magidanci yana ta kumfar baki. Ya ce: "Ni wallahi abin ga ya ishe ni. Sati guda taliya sau uku! Matan yanzu ba su son taɓarya, ƙyuya ce kawai." Wani dattijo da ke kishingiɗe gefe ya ɗaga kai ya ce masa: "Yaro, yaushe rabonka da kai icce gida?" Aka kwashe da dariya, mutumin ya yi shiru. Mu ma mun yi dariyar, amma da muka koma gida muka ga tambayar dattijon ta wuce abin dariya.

Mu namu ra'ayi shi ne, matar da ta dafa taliya ranar da aiki ya yi mata yawa ba ta yi laifin komai ba. Wanda ke zaune yana jiran a kawo masa akushi bai san tsawon hanyar da damen hatsi ke bi kafin ya zama tuwo ba. A fidda dame daga rumbu, a yi sussuka, a yi shiƙa, a yi surfe, a bakace, a wanke, a baza ya sha iska. Sannan a daka, ko a aika yarinya wurin injin niƙa ta bi layi, in an yi sa'a injin yana da mai. A tankaɗe, a yi talge, a jira ya dahu, a tuƙa, a kwashe. Miya kuma tukunyarta dabam, wutarta dabam. Duk wannan a kan matar da tun da asuba ta je rijiya, ta kai fura gona, ta yi noma a gandu, ta wuce gamanarta ta ɗan taɓa, ta dawo da goyo a baya da ciyawar awaki a ka. In ranar kasuwa ce kuma tana da ɗan abin saidawa, sai magariba take shigowa gida. A gidaje da yawa maigidan ma ba ya nan, yana Najeriya, ko Agadas, ko Libiya, ko wurin haƙar zinariya, ita ce uwa ita ce uba. Taliya kuwa, in ruwa ya tafasa, minti 10 ta dahu. Ga sauƙin icce, a wurin da karan hatsi ma ya zama abin saye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To amma, iyayenmu mata da ƙannenmu, ku ma ga taku. Inda muka rabu da ku shi ne irin taliyar da ake dafawa. A tafasa, a tsane, a zuba mai cokali biyu, a marmasa magi, a barbaɗa yaji, shi ke nan an gama. Yara su ci su sha ruwa, ciki ya yi tim, su kwanta. Wannan da gayan tuwo duk ɗaya ne, har ma gayan tuwo ya fi ta, don hatsi ya fi farin garin alkama sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Taliya tana ba da ƙarfin aiki, gaskiya ne, amma ita kaɗai ba ta gina jikin yaro.

Kuma mu mutanen jihar Maraɗi bai kamata a yi mana dogon bayani a kan tamowa ba. Waɗanda suka yi wayo a 2005 sun ga yadda cibiyoyin kula da yara suka cika a wannan jiha, har duniya ta ji sunanmu. Abin da ya fi ciwo shi ne mu ne masu noman hatsi da wake da gyaɗa, amma har yanzu duk lokacin da damina ta yi tsaka, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi ya shigo, sai ka ga iyaye mata sun yi layi a asibiti da yara ramammu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da UNICEF sun kasa abincin yaro ɗan wata 6 zuwa wata 23 gida 8, suka ce a rana ya samu aƙalla 5 daga ciki. Ga su: nonon uwa, hatsi da dangoginsa da su rogo da dankali, wake da gyaɗa, madara da nonon dabba, nama da kifi, ƙwai, ganye da kayan lambu masu bitamin A, irin su zogale da kabewa da karas, sai sauran kayan lambu da ƴaƴan itace. Yanzu mu yi lissafi tare. Taliya da mai da yaji, gida nawa ke nan? Gida ɗaya tak. In aka sa gyaɗa, biyu. Aka sa zogale ko kabewa, uku. Tumatir ko kabeji, huɗu. Yaron yana shan mama, biyar sun cika, kuma ba a yanka ko kaza ba.

Ƴan matanmu masu waya suna ganin bidiyo a TikTok da Facebook, wata a Yamai ko Abuja tana haɗa taliya da farar miya mai kauri, da kirim na kwali da cukun Turawa, sai su ɗauka abin sai mai firiji. Alhali kaurin nan da maiƙon nan da ake nema, gyaɗa tana ba da shi, kuma ita ba ta neman firiji. Gyaɗa ce fa ta gina kasuwancin Maraɗi da Tasawa tun zamanin Nasara, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Ko abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, Plumpy'nut, mene ne cikinsa? Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara da sukari da mai, da ƙarin bitamin. Wato maganin yana cikin gonarmu, muna saida shi da kaka, muna zuwa karɓarsa da damina.

Ga yadda muka ga ana yi, kuma mun ci mun ji daɗi. Tukunya ɗaya ce, kar a ɗora biyu. A soya albasa cikin mai kaɗan, kar a cika, don gyaɗar za ta kawo nata. A zuba tumatir, in ba lokacinsa ba ne a jiƙa kauɗa a daka da tattasai. A jefa daudawa, ta kalwa ko daudawar batso, wadda ta samu. In akwai ta, magi ɗaya ya isa inda ake sa uku. A tsaida ruwa daidai wanda zai rufe taliyar, ba mai yawa ba, don ba tsanewa za a yi ba. In da kabewa, a yanka ta ƙanana a zuba tun yanzu, ita ce mai jinkiri. Sai a ɗebi markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko tunkuza daga wurin masu ƙuli, kamar ludayi guda ga leda biyu ta taliya, a dama ta da ruwan ɗumi a kwano har gudajin ya mutu, a juye. A bar ta ta tafasa sosai har ƙamshin ɗanyenta ya fita. Daga nan a kakkarya taliya a zuba, a sa zogale. In ɗanye ne a wanke kawai, in busasshe ne a jiƙa shi tun lokacin da ake hura wuta. A janye icce ɗaya, a riƙa juyawa daga ƙasa, don gyaɗa tana da saurin kamu. Ruwan da taliyar ta saki shi zai haɗu da gyaɗar ya yi kauri, ya manne a jikin kowane sili. Da wannan ruwan ne fa ake asara in aka tsane aka zubar a kwata.

In babu tunkuza, a daka ƙuli-ƙuli a tankaɗe, yana yi. In an rage dafaffen wake da rana, a zuba. Wanda ba shi da zogale ya sa alayyafo, ko ganyen wake, ko tafasa da damina. Ƴar yakuwa kaɗan tana kashe gundurar maiƙo. Zogalen ma ba sai an jira na Jiratawa ya zo kasuwa ba. Itace biyu a bayan ɗaki, inda ruwan wanke hatsi ke zuba, sun ishi gida, in dai an kare su daga awaki.

Mai kindirmo tana iya ƙarawa, amma sai an sauke tukunya ta ɗan huce, in ba haka ba tsinkewa zai yi ya ɓata miyar. Kuma a raba: wadda za a bari don ɗumamen safe kar a sa mata nono, da zafin nan namu kafin gari ya waye ta juya. Na yaro a ɗebe tun kafin a sa tonka, a dame masa da cokali, a ba shi a kwanonsa shi kaɗai. In aka haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba za mu tsallake ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko take ɗaci, tana ɗauke da guba mai lalata hanta da hana yaro girma, kuma wuta ba ta kashe ta. Al'adarmu ita ce a zaɓe mai kyau a kai kasuwa, a bar ɓargajen a gida a ce na miya ne. A juya wannan al'ada. A tsince ruɓaɓɓun a zubar, kar a ba yara, kuma a shanya gyaɗa ta bushe ƙayau kafin a ɗura a buhu.

Yanzu mu koma wurin maigidan can na majalisa, don shi ma akwai ƴar gaskiya a bakinsa, ko da ba ita ya yi niyyar faɗi ba. Taliya ba a gonarmu take fitowa ba. Wata daga Aljeriya take shigowa ta Agadas, wata daga Najeriya, wata daga Turkiyya, kuma ta Najeriyar ma yawancin alkamarta daga ƙetare ake kawowa. Shi ya sa da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, kuɗin alkama ya hau a duniya, har mai ɗan tebur a ƙauye ya ji a jikinsa. Mun ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, mun kuma ga na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da CEDEAO ta sa takunkumi. Gidan da ya mai da taliya abincin kullum ya ɗora cikinsa a kan iyakar da ba shi ke riƙe da makullinta ba. Mafi muni shi ne a auni tiyar hatsi da kaka, lokacin da ba ta da daraja, a saida a sayo leda, sannan da bazara a koma sayen hatsin nan da tsada. Don haka ba mu ce taliya ta kori tuwo da fura ba. Mun ce ta tsaya a matsayinta, ta ranar matsi: ranar kasuwa, ranar shuka, ranar da mai girki ba ta jin daɗin jikinta, ko baƙo ya yi sallama da dare.

Kuma miyar gyaɗa da zogalen nan ba ta taliya kaɗai ba ce. Tana hawa dambu, tana hawa shinkafa. Mutanen Dogondutsi suna da beruwa, wadda ake yi da garin wake a shanya a ajiye, in an tashi buƙata a dafa cikin ɗan lokaci. Waken kuwa muna da shi, har motoci ke kwasa zuwa Najeriya. Ƙungiyoyin matanmu masu adashi, me zai hana wasu su koyi wannan sana'a, su riƙa ƙullawa a leda kamar yadda ake ƙulla ƴar murji? Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don gero da dangoginsa, aka yi tarurruka a manyan birane. Mu abin da zai amfane mu shi ne garin hatsi da na wake da aka riga aka gyara, wanda mace za ta saya a bakin ƙofa ta dafa ba tare da ta taɓa turmi ba. A nan ne ya kamata masu ayyukan raya karkara da hukumomin kwamin su sa kuɗi: injin niƙa da ke aiki, da injin surfe, da wurin shanya mai tsabta.

Ku kuma maza, ƴan uwanmu, da ku muke yanzu, don mu ma a cikinku muke. Yawancinmu in mun tuna da gida a kasuwa, leda biyu ta taliya muke saye mu rataya a babur, mu shigo muna jin mun yi bajinta. Mahaɗin fa? Wa muka bar wa? Ita za ta saida ƙwan zabinta ta sayi mai da magi, daga nan kuɗin ya ƙare, sai gaya. Alhali a tsaye muke kashe dala ashirin a tsire, dala goma a shayi, kati kuma na waya ba a maganarsa. Ranar kasuwa mai zuwa, wanda zai sayi taliya ya wuce layin masu ganye ya sayi zogalen dala goma, ya tsaya wurin masu ƙuli ya karɓi tunkuzar dala ashirin, ya haɗa da albasa. In da kaka ne, kafin a ɗinke buhunan gyaɗa a kai wa dillali, a ware tiya biyar mai kyau a ba uwargida ta ajiye a ɗakinta, da sharaɗin ko biki ya taso ba za a taɓa ta ba.