"Ka shiga kawai, daga baya sai ka canza zuwa likitanci"



Jiya ƙanina ya kira ni daga Jajimaji. Ya nemi MBBS, an ba shi Bayoloji a CAPS, wai wani ya ce masa ya karɓa kawai, in ya gama aji ɗaya sai ya canza. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don irin maganar da aka yi min kenan shekara uku da suka wuce. Yau ina aji uku a Kemistiri, a gida kuma har yanzu Baba "Likita" yake kirana.

Ban ce ba a canzawa ba. Ana canzawa, kuma canjin sashe ba tabo ba ne a takardunka. Abin da za a duba shi ne CGPA ɗinka na aji ɗaya, da kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, da ko darussan da ka zana a JAMB sun dace. Amma abin da ba a gaya mana shi ne, likitanci ba kamar sauran kwasa-kwasai ba ne. Hukumar MDCN ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar, ko UNIMAID ce, ko Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, ko BUK. Waɗanda aka ɗauka MBBS tun farko ma ba duka ke tsallakawa aji biyu ba. To kai da kake leƙe ta taga, kujerar wa za ka zauna?

Ni na cike fom. Makina bai yi muni ba, na bi ofis-ofis har takalmina ya gaji. Amsa ɗaya ce: babu gurbi. Babu wanda ya zalunce ni, ni ne na gina shekara guda a kan jita-jita. Abin da ya fi ci min rai, a shekarar ban sayi fom ɗin JAMB ba, don na sakankance.

Na san me ya sa muke nacewa. Duk wanda ya taso tsakanin Gashuwa da Nguru ya ga yadda ciwon ƙoda ke cin mutanenmu, ya ga layin marasa lafiya a FMC Nguru. Son zama likita a wajenmu ba gayu ba ne. Shi ya sa bai kamata a yi caca da shi ba.

A ganina, in likitanci kake so da gaske, ka sake zana JAMB da ƙarfinka. Shekara ɗaya ce, a kan karatun shekara shida. In kuma ka riga ka yi nisa irina, ka riƙe kwas ɗinka da kyau ka fita da sakamako mai ƙarfi, ka nemi DE zuwa aji biyu, duk da can ma ƙofar ƙarama ce. Kuma kafin ka danna karɓa a CAPS, ka je sashen da ƙafarka ka tambaya ko suna karɓar canji, mutum nawa suka ɗauka bara. Kar ka tambayi ɗan unguwarku mai "sanin wani".

Ƙanin nawa dai ya ce zai sake zanawa. Baba bai sani ba tukuna, ni aka ɗora wa faɗa masa ranar Juma'a in na je gida. Ku sa ni a addu'a.